Gwangwanin Gishirin Baba Sumana

Ranar Juma'ar da ta wuce ƴaƴan ƙanwata biyu, Mustafa da Nafisa, suka zo gidana a unguwar Talladje, suka shigo ɗakin da nake aiki. Mustafa ya dubi injinan burodi uku da ke kan tebur ya ce, "Kawu, ai wannan ba sana'a ba ce. Ka zuba, ka danna, ka je ka miƙe ƙafa." Nafisa ta ce ita ma idan ta gama karatu za ta sayi ɗaya ta ƙwace mini masu saye. Ban tanka musu ba, don ina awon yis, kuma ba na magana ina awo. To ga amsar na rubuto muku. Ku fara daga farko, kada ku tsallake.

Na zo Yamai daga wani ƙauye kusa da Maraɗi ina ɗan shekara goma sha tara, karatuna bai wuce aji shida ba. Na sami aiki a wani gidan burodi a Kalley, bayan Babbar Kasuwa. Mai gidan ɗan kasuwa ne, ba ma ganinsa sosai. Wanda ke riƙe da kwaɓi shi ne Baba Sumana, Bazabarme, gajere, mai manyan hannuwa. Hausarsa ta kasuwa ce, kuma ko ita ɗin ba ya ɓarnar ta. Wata shida ban taɓa kwaɓi ba. Ina sauke buhunan fulawa, ina share ƙasa, ina kankare kwamin katakon da ake kwaɓi a ciki. A wata na bakwai ya miƙo mini wani tsohon gwangwanin tumatir da aka daddale bakinsa, ya ce, "Gishiri. Biyu cike ga kowane buhu. Aikinka ke nan."

Yana da wata al'ada. Kafin a yanka kwaɓi sai ya mintsini kaɗan ya ɗora a kan harshensa, ya rufe ido, sannan ya gyaɗa kai. Idan bai gyaɗa ba, ba a yankawa.

Wata Litinin da hantsi muna kwaɓin burodin yamma, motar fulawa ta iso, aka kira ni saukewa. Na ajiye gwangwanin a kan taga da nufin in dawo. Da na dawo na tarar an riga an zuba ruwa ana murzawa, sai na ɗauka wani ya sa gishirin. Baba Sumana kuma mai gida ya kira shi kanti, bai dawo da wuri ba, saboda haka aka yanka aka jera ba tare da harshensa ba. Ban taɓa ganin kwaɓi ya tashi kamar na ranar ba. Kafin lokacinsa ya kumbura ya cika faranti, ni kuwa ina ta murna, ina cewa hannuna ne ya fara kyau. Baba ya shigo, ya tsaya daga bakin ƙofa. Bai ma ɗanɗana ba.

"Haruna, ina gishiri?"

Na dubi taga. Ga gwangwani can, cike.

Burodin ya fito fari fat, ya baje, cikinsa duk ramuka. Masu shayin Kalley suka dawo da shi a kwali. Baba bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki ƙusa ya huda gwangwanin, ya zura igiya, ya rataya mini a wuya. Ya ce kwana bakwai, wurin aiki da kasuwa da hanyar gida, sai a ƙofar masallaci zan cire. Sannan ya ce in saurara, don sau ɗaya zai faɗa: gishiri ba don daɗin baki kaɗai ake sa shi ba, shi ne ke riƙe yis kada ya yi gudu, shi ne kuma ke ɗaure kwaɓi ya tsaya da ƙafarsa. Tun daga makon nan masu shayi suka sa mini suna Mai Gwangwani. Har yau akwai tsofaffi a Kalley da ba su san sunana Haruna ba.

Shekara ashirin da shida na yi a gidan. Daga baya aka sayar da shi, Baba ya koma gidansa a unguwar Yantala yana kula da ɗan lambunsa, ni kuma kafaɗata ta dama ta ƙi ɗaukar buhu, na dawo gida na zauna.

Injin farko maƙwabciyata ce ta kawo shi, Madam Rakiya, wata malamar makaranta ƴar Damagaram. Mijinta ne ya sayo mata a tafiya. Ta ajiye shi a tsakar gidana ta ce, "Malam Haruna, kai da ka san burodi, duba mini wannan abin. Tubali yake yi." Ni ban taɓa ganin irinsa ba. Akwati ne kamar ƙaramin firigo, da kwanon ƙarfe a ciki, da ƴar muciya a gindin kwanon mai juya kwaɓi. Na ce ta yi yadda ta saba a gabana, ni ba zan ce komai ba. Lokacin zafi ne, rana tsaka. Ta tari ruwa daga famfo, ruwan da ko hannu ba ya jurewa, ta zuba. Sannan ta ɗebi gishiri da yis a cokali ɗaya ta watsa a cikin ruwan. Na ce ta tsaya. Inji ba shi da laifi. Ruwan zafi ya kashe rabin yis, gishiri ya ƙarasa saura. Na sake mata da ruwan randa, bayan awa uku burodi ya fito ya wuce bakin kwano. Ta yi guɗa har matata Sa'a ta fito da gudu. Madam ta gwada da kanta mako biyu, sannan ta dawo da injin ta ce, "Riƙe shi, ni dai a kawo mini ɗaya kowace safiya." Sauran biyun na same su ne na hannu a kasuwar Katako.

Yanzu ga yadda ake zubawa, kuma ba a sauya wannan jeri. Ruwa ne farko. A lokacin sanyi mai ɗan ɗumi, a damina na randa, a watannin zafi kuwa na randar da ta kwana a inuwa. Sai man gyaɗa cokali biyu, shi ke sa ciki ya yi laushi, burodi ya kai gobe bai bushe ba. Sai sukari a kusurwa ɗaya, gishiri a ɗaya kusurwar. Sukari abincin yis ne, shi ne kuma ke ba ɓawo launin ja. Wanda ya cika shi don ya burge yara zai ciro burodi baƙi a waje, ɗanye a ciki. Madarar gari idan ana so, tana ƙara ƙamshi. Sai fulawa rabin kilo, a kan sikeli, ba da ido ba, a baza ta ta rufe ruwan gaba ɗaya. Daga ƙarshe ka sa yatsa ka yi ɗan rami a saman fulawar, ka zuba yis a ciki, inda ba zai ga ruwa ko gishiri ba sai muciya ta fara juyawa.

Sannan ka danna. Wannan ne kaɗai abin da Mustafa ya gani. Abin da bai gani ba shi ne bayan minti goma ina buɗe murfi in taɓa kwaɓin. Idan ya manne a yatsa, fulawa cokali ɗaya. Idan yana gwaruwa da jikin kwano kamar dutse, ruwa cokali ɗaya. Buhun damina yana shan ruwa daban da buhun rani, kuma injin bai san wane wata muke ciki ba. Sannan in mintsini kaɗan in ɗora a harshe.

Shekara ta huɗu da fara aikin gida ita ce mummunar shekara. Fulawa ta yi wuya a gari, wadda ake samu kuma ba ta da ƙarfi, ga wuta tana yankewa a tsakiyar zafi. Na tuna wata Laraba matar wani ma'aikaci daga Tawa ta ce a yi mata uku, baƙi za su zo mata da la'asar. Kwaɓi ya tashi ke nan, saura gashi, wuta ta ɗauke. Na jira minti ashirin, na ga zai wuce lokacinsa. Na juye shi a tukunyar ƙarfe ta Sa'a, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, ɗaya bayan ɗaya. Burodin ya fito da siffar tukunya, matar ta karɓa tana dariya, ta ce baƙinta za su ɗauka sabon yayi ne. Ba kowa ya yi dariya a shekarar ba. Wasu sun koma sayen baget, dogon burodin nan na bakin titi, inji ɗaya kuma ya ƙone ranar da wuta ta dawo da ƙarfi, sai da mai gyara ya riƙe shi wata biyu. Amma a shekarar na koyi abu ɗaya: fulawa marar ƙarfi ba ta iya ɗaukar yis mai yawa. Ka rage shi, ka sanyaya ruwa, ka bar kwaɓi ya tashi a hankali. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Duk waɗannan shekaru Baba Sumana bai taɓa cin burodina ba. Kowace Salla ina kai masa ɗaya Yantala. Sai ya karɓa, ya matsa shi da babban yatsa, ya ce, "Katifa." Injin kuwa akwatin malalata yake ce masa. Ya miƙa wa jikoki su cinye, shi kuma ya ci gaba da tsoma baget ɗinsa a shayi, kamar yadda yake yi kowace safiya tun kafin a haife ku.

Bara, ana tsakiyar zafi, ƴarsa Ramatu ta zo gidana da safe. Ko zama ba ta yi ba.

"Yaya Haruna, Baba ya ƙi cin abinci."

Ta ce hawan jini ne ya kwantar da shi, likita ya hana shi gishiri kwata-kwata har sai abin ya sauka, ya kuma ambaci burodi da sunansa. Suna yi masa tuwo da miya babu gishiri, yana kai loma biyu ya ture. Kunu ya ce shi ba mai jego ba ne. Sau biyu ta kama shi ya sulale da sanda zuwa teburin mai shayi ya sayo baget ya ɓoye a ƙarƙashin matashi. Ta hana mai shayin sayar masa, shi kuma ya yi fushi ya daina karin kumallo gaba ɗaya. Magani kuwa ba a shan sa da ciki wayam. Rigunansa sun fara yi masa yawa. Ta zagaya gidajen burodi uku, babu wanda zai tsayar da kwaɓin buhu guda don mutum ɗaya.

"Kai injinka ɗaya-ɗaya yake yi. Ka yi masa marar gishiri."

Na ce, "Ramatu, kin san wa kike cewa ya bar gishiri?"

Ta ce, "Na sani, Mai Gwangwani. Ni na riƙe masa ƙusar ranar, ina yarinya."

Na ware inji ɗaya don wannan aiki. Rana ta farko na yi komai yadda na saba, na cire gishiri kawai, don in ga iyakar ɓarnar. Kwaɓin ya tashi ya bugi murfi, ya manne a gilashin murfin, sannan da zafi ya kama shi ya rufta a tsakiya kamar rufin ɗakin da damina ta ci. Abin da na gani a Kalley shi na sake gani, sai dai ƙarami. Sa'a ta leƙo ta ce, "Malam, in nemo igiya?"

Rana ta biyu na raba yis biyu, na sa rabi. Ya rage gudu, amma samansa ya ɗan lotsa. Rana ta uku na tuna mummunar shekara. Na karɓo ƙanƙara daga firigon Madam Rakiya na jefa a ruwan har ya yi sanyi ƙarara, na rage sukari zuwa cokali ɗaya don kada yis ya sami abin ci da yawa, na rage ruwan kansa kaɗan. Ya tsaya. Samansa ya yi tudu mai kyau, na ƙwanƙwasa gindinsa ya amsa. Na yanka na ci. Kamar auduga. Na ba Sa'a, ta tauna ta tauna ta ce ita dai ta yafe. Kajinmu ne suka ci na kwana uku, kuma su ba su yi ƙorafi ba.

To tsayuwa ta samu, saura ɗanɗano. Na gwada soyayyiyar albasa, ta jiƙa kwaɓin, ɗakin kuma ya koma warin rumfar mai tsire. Na yi tunanin man shanu na kanti, na karanta jikin takardarsa na ga da gishiri a ciki, na mayar. Na gwada ruwan lemun tsami cokali ɗaya, sai na ga abu biyu: harshe ya sami abin kamawa, kwaɓin ma ya ƙara ɗaurewa. Riɗi kuwa Sa'a ce ta kawo shawararsa. Ta ce a garinsu idan miya ta rasa komai riɗi ake soyawa. Ta soya mini a busasshen kasko har ya fara tsalle, na daka rabi na zuba a fulawa, rabi na watsa a sama. Ramatu tana bugo waya kowace rana. Ina ce mata tukuna. Ta ce, "Yaya, mutum yana ramewa kai kana tukuna." Na ce idan na kai masa wanda bai yi ba, ba zai sake buɗe baki ga na biyu ba, ita ma ta san haka.

Rana ta tara na zuba tun kafin kiran asuba, na ciro, na bar shi ya huce, don ba a yanka burodi da zafi. Na naɗe shi a farin ƙyalle na hau taksi zuwa Yantala. Na tarar da Baba a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, ga shayi a gabansa ya huce, ga ƙwayoyin magani a ɗan faranti ba a taɓa ba. Hannuwan nan manya suna nan, amma wuyansa ya zama na wani mutum. Na fara gaishe shi da Zabarmanci.

"Fofo, Baba. Ina kwana?"

"Mai Gwangwani. Ka kawo katifa?"

"Na kawo, Baba."

"Jikoki sun tafi makaranta."

"Ba nasu ba ne."

Na buɗe ƙyallen na ajiye a gabansa. Ramatu ta tsaya daga ƙofar ɗaki da wuƙa a hannu. Ya daɗe yana kallon burodin. Sannan ya ɗauka, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya juya shi ya ƙwanƙwasa gindin, ya kai hanci. Ya ƙi karɓar wuƙa, ya tsaga da hannu, ya duba cikin a hasken rana. Ya mintsini kaɗan ya ɗora a harshe, ya rufe ido.

"Babu gishiri."

"Babu, Baba."

"Ka manta?"

"Ban manta ba."

Ya buɗe ido, ya sake duban tudun saman, ya matsa da yatsa, wurin ya dawo.

"To me ya riƙe shi?"

Na zauna a bakin tabarma na faɗa masa bi da bi: rabin yis, ruwan ƙanƙara, sukari cokali ɗaya, ruwa an rage, lemun tsami, riɗi. Yana sauraro yana taunawa. Ya tambaye ni minti nawa akwatin yake murzawa, na faɗa. Ya tambaya ko ana iya buɗe shi a taɓa kwaɓi yana cikin aiki, na ce kullum sai na taɓa. Ya ce, "To ashe kana da sauran hankali." Ya tsaga wani yanki babba, ya tsoma a shayin da ya huce.

"Lemun ya yi yawa. Rage rabi."

"To, Baba."

"Riɗin wa ya soya?"

"Sa'a."

"Na sani. Kai da ka ƙona shi." Ya juya wajen ƙofa. "Ramatu, me kike tsaye kina kallo? Shayin nan ya mutu. Ɗumamo wani, ki kawo ruwan maganin."

Ramatu ta tafi da gudu, ina jin ta tana gaya wa maƙwabta ta kan katanga cewa Baba ya ci abinci. Ya ci kusan rabin burodin a zaman nan. Da na tashi tafiya ya ce in tsaya, ya aiki Ramatu ta ɗauko wani abu a cikin akwatinsa. Gwangwanin ne. Ya yi tsatsa a baki, igiyar tana jikinsa.

"Ni likita ya sallame ni daga wannan," ya ce. "Tafi da shi. Gobe ƙarfe takwas, kada ka wuce."

Tun daga ranar, kowace safiya inji na uku na Baba ne. Na rage lemun kamar yadda ya ce, kuma gaskiyarsa, ya fi. Rigunansa sun dawo daidai, ya koma ban ruwa a lambunsa. Har yanzu katifa yake ce wa burodin, amma ranar da taksi ya makara shi da kansa ya karɓi wayar Ramatu ya tambaye ni ko akwatin ya mutu ne. Mutum biyu masu irin ciwonsa a layinsu ma sun shiga jerin.

Gwangwanin yana rataye a ƙusa saman teburin, Mustafa, daidai inda ka jingina kafaɗa kana cewa ba sana'a ba ce. Idan kai da Nafisa kuna son koyo, ku zo ranar Asabar ƙarfe bakwai, da hannu wankakke. Za ku fara da wanke kwano da muciya. Babu mai taɓa maɓalli a watan farko. A wata na biyu zan ba ɗayanku awon gishiri, ƙaramin cokali ɗaya da rabi ga inji na farko da na biyu, babu ko ƙwaya ga na uku. Wanda ya rikita, na gwada igiyar shekaranjiya, ba ta ruɓe ba.